Kafin ka zuba kuɗi a sabon draiba na golf, ga abin da na gani a wurin kocin nan mai na'ura

Masu ta tambayata a kan wurin nan da ake gyara wa mutum bugun draiba, wato doguwar sandar golf ta bugun farko mai nisa, da na'ura, ga amsa a dunƙule: ku je, amma ku san abin da za ku je nema. Kuɗin da suke karɓa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon draiba ba, wanda yanzu a Amurka ma dala 600 ne ko sama da haka kafin ka saka kuɗin kawowa da wahalar canji, kuma in dai ciwonka irin nawa ne, wato ƙwallo ta tashi kamar za ta yi abin kirki sai can tsakiyar hanya ta lanƙwasa ta nufi dama ta faɗa cikin ciyawa ko bayan bishiya, to zaman nan ya fi maka sabuwar sanda amfani nesa ba kusa ba. Ba zan kama sunan wurin ko na kocin ba, don akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne kuma ba na son a ce na zo taɓa wa wani abincinsa. Waɗanda muke fita fili tare sun san inda nake nufi.

Wurin dai ba wani ƙayatacce ba ne. Rumfa ce ta kwano, tabarmin roba a jere, bokitan ƙwallo, sai ƙaramar na'ura mai rada da ake ajiyewa a bayanka tana aika lambobi cikin wata kwamfutar hannu. Ba Trackman ba ce, wannan ta ƙasar Denmark da ake gani a talabijin bayan manyan 'yan wasa, ita kuɗinta dubban daloli ne, tasu ƙarama ce kuma shi kocin bai ɓoye ba, da bakinsa ya ce min gudun sanda da gudun ƙwallo tana kamawa daidai, amma lissafin juyin ƙwallo kada in rantse da shi. Wannan maganar kaɗai ta sa na ji na ɗan yarda da shi, don mai son ya ci kuɗinka ba ya fara da gaya maka inda kayansa suka gaza.

Abin da ya ba ni mamaki, bai ma kunna na'urar da farko ba. Gwangwanin feshi ya ɗauko, irin farar hodar nan da ake fesa wa ƙafa don ƙaiƙayi wadda ake samu a kemis, ya girgiza ya fesa a fuskar draiba ta yi fari fat, ya ce "Alhaji bismillah, buga yadda ka saba, kada ka yi ƙoƙarin burge ni." Na buga. Ya juyo da fuskar sandar ya nuna min, ga shatin ƙwallo nan zagaye ɓaro-ɓaro har ƙananan ramukan jikinta sun fito a cikin hodar, kuma ba a tsakiya yake ba, yana can ƙasa ta wajen wuya, kusa da inda shaf, wato dogon jikin sandar, ya shiga kai. Na sake, nan dai. Na sake, ya ɗan matsa kaɗan amma unguwar ɗaya ce. Ni kuma wallahi a hannuna ji nake ina samunta a tsakiya, saboda waɗannan manyan kawunan na zamani masu cc 460, wanda shi ne iyakar girman da doka ta yarda, suna ɓoye laifi sosai, ƙarar ma daɗi take yi ko ka daka ta a gefe.

A nan ya tsaya ya yi min bayanin da ni a ganina shi ne kuɗin da na biya. Ya ce in ƙwallo ta bugi wajen wuya, kan sandar yakan ɗan murɗa lokacin haɗuwar, ita kuma ƙwallon sai ta ɗauki juyi ta ɗaya ɓangaren, to ga mai buga da dama juyin nan dama yake kai ta. In kuma ta bugi wajen hanci, can ƙarshen fuska, hagu take lanƙwasawa. Shi ya sa in ka kalli fuskar draiba da kyau za ka ga ba a miƙe take ba, tana da ɗan tudu daga wuya zuwa hanci da kuma daga sama zuwa ƙasa, da gangan masu ƙerawa suka yi don ya rage wannan ɓarnar. Haka sama da ƙasa: in ka same ta ƙasa da tsakiya sai ta fita ƙasa-ƙasa da juyi mai yawa, ta yi ta hawa tana cin iska ta faɗo ba ta je ko'ina ba, in ka same ta ɗan sama da tsakiya kaɗan sai ta fita sama da ƙarancin juyi, wannan ita ce mai tafiya. Wato wani kaso na silais ɗin, lanƙwasar nan zuwa dama, da nake ta ɗora wa hannuna da kafaɗata, daga inda ƙwallon ke taɓa fuska yake zuwa. Ban ce duka ba, shi ma bai ce duka ba.

Sai a lokacin ya kunna na'ura. Gudun sandata yana wajen mil 94 zuwa 95 a awa, wanda ya ce ba laifi ga mai shekaruna, matsakaicin namiji mai buga golf na nishaɗi ma a nan wajen yake. Amma gudun ƙwallo 130 da ɗoriya kawai. Akwai wani lissafi da suke yi, a raba gudun ƙwallo da gudun sanda, in ka same ta tsaf da draiba abin yakan kai kusan 1.50, nawa yana yawo a 1.38. Ya ce da wannan ƙarfin naka ɗin, ba ka ƙara komai ba, in ka kai 1.47 ko 1.48 ƙwallo za ta fita da kusan mil 140, kuma kowane mil ɗaya yadi biyu ne a sama, yi lissafi da kanka. Na yi, kusan yadi 18 zuwa 20 ke nan ina zubarwa a banza a kowane bugu, ni da nake tunanin sai na shiga jim ko na canza sanda.

To gyaran fa? Abin dariya, yawancinsa kafin ka ma motsa sanda ne.

Na farko tii, ɗan tsinken da ake sokawa a ƙasa a ɗora ƙwallo a kai. Ni da gajere nake amfani, mai inci 2 da uku bisa huɗu, kuma ina danna shi sosai saboda tsoron kada in shiga ƙarƙashin ƙwallo in bar tabo a saman kan sanda, duk wanda ya taɓa ganin farin tabon nan a kan sabon draibansa ya san zafin abin. Koci ya ce tabon ba tsayin tii ke kawo shi ba, sarowa daga sama ne kamar mai faskare, in sanda tana zuwa a kwance tana hawa ba za ta taɓa shiga ƙarƙashi ba. Ya ba ni mai inci 3 da kwata, ya ce in ajiye kan sanda a ƙasa, rabin ƙwallo ya leƙo saman kai. Doka ta yarda har inci 4 don haka ba wani ha'inci a ciki. Ya ba ni shawarar in ɗauki maka in ja layi a jikin tii daidai inda zai tsaya a ƙasa, don kullum tsayin ya zama ɗaya, ko in sayi masu ɗan tudu a jiki waɗanda ba sa wuce wurin. A ƙasarmu da rani in ƙasa ta bushe ta yi tauri wani lokaci sai ka yi da gaske kafin tii ya shiga, wani ramin kuma da aka yi wa ban ruwa ya lume gaba ɗaya, to in ba layin nan kowane rami da tsayin da za ka buga, sannan ka dawo kana mamakin me ya sa yau haka gobe haka.

Na biyu inda ƙwallo take tsakanin ƙafafu. Tawa tana kusan tsakiya, kamar zan buga ayan, wato gajeriyar sanda mai kan ƙarfe. Ya matsar da ita gaba daidai cikin dunduniyar hagu, ya sa na buɗe ƙafa ta ɗan wuce faɗin kafaɗa ta hanyar ja da ƙafar dama baya, ba matsar da ta hagu ba. Amma ga inda na ga mutumin ya san aikinsa: ya ce yawancin mutane da zarar an ce su kai ƙwallo gaba sai ƙirjinsu ya bi ta ya juya yana kallonta, kafaɗu su buɗe su nufi hagu, shi ke nan sanda za ta zo daga waje ta yanko ciki, silais ya ƙaru maimakon ya ragu, sai mutum ya ce shawarar banza aka ba shi. Ya ɗora sandar awo a ƙirjina ya ce in saki in koma baya in duba inda take nunawa. Kai, can hagu da tutar da nake nufi take kallo, da nisa. Gyaran shi ne hannun dama ya zo wa riƙo ta ƙasa ba ta sama ba, kafaɗar dama ta ɗan sauka, kai ya tsaya bayan ƙwallo, maɓallan riga su kalli wajen ɗan bayan ƙwallon ba ita kanta ba. Da farko sai ka ji kamar dama kake nufa gaba ɗaya, jikinka na ce maka ƙarya ne, amma sandar awo ba ta ƙarya.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ban taɓa ji ba sai a wurinsa. In ka ajiye kan sanda a ƙasa ka daidaita ƙwallo da tsakiyar fuska, ai ƙwallon a sama take a kan tii, to lokacin da sanda za ta ɗago ta same ta sai hannu ya ɗan miƙe, tsakiyar ta matsa waje, wuya ya zo daidai ƙwallo. Ya ce gwada ka gani, ɗaga kan sandar zuwa tsayin ƙwallo ba tare da ka motsa ƙafa ba. Na ɗaga, ga ƙwallo a wuya. Don haka ko dai ka riƙe sandar a sama kada ta taɓa ƙasa, ko in ka ajiye ta ka daidaita ƙwallon da wajen hanci kaɗan. Ni na zaɓi na biyun don riƙewa a sama yana sa hannuna rawa. Daga wannan kaɗai shatin hoda ya fara barin unguwar wuya.

Sannan ya kawo kwalin ƙwallo, ɗan dogon nan mai cin guda uku, babu komai ciki, ya ajiye shi gaban tii kamar taku ɗaya ya ce buga kada ka taɓa kwalin. Ya sha duka dai kwalin nan kafin in gane, yaron da ke kwaso ƙwallaye har ya gaji da ɗaukowa ya koma yana dariya a ɓoye. Manufar ita ce sanda ta riga ta wuce ƙasan zagayenta ta fara hawa kafin ta haɗu da ƙwallo. Na kawo masa maganar da na taɓa gani cewa a alƙaluman Trackman ƙwararrun maza 'yan gasar PGA ta Amurka a matsakaici ƙasa suke ɗan bugawa, wajen digiri 1 da ɗan abu, ya ce haka ne, amma su gudun sandarsu mil 113 ne ko fiye, suna da ƙarfin da za su yi asararsa don su samu saiti. Ya ce in kana son wanda za ka kwaikwaya kalli matan LPGA, gasar ƙwararrun mata, gudun sandarsu wajen 94 ne daidai da naka, sama suke bugawa kusan digiri 3, kuma suna ɗaga ƙwallo yadi 218 kafin ta taɓa ƙasa, kai nawa kake ɗagawa? Na yi shiru. Na san wasu abokanmu ba za su so a ce su koyi bugu daga mata ba, to su suka sani, ni dai lambobin na gani.

Maganar sandar kanta sai daga ƙarshe ya zo, kuma nan ma ban ga ya yi gaggawar cewa tawa ba ta da kyau ba. Lof ɗina, wato kwanciyar fuskar sanda da ke ɗaga ƙwallo sama, digiri 9 ne, don haka na ga manya suna riƙewa. Ya ɗauko ɗan makullin nan ya kwance wuya ya mayar 10.5 ya ɗaure har ya yi ƙas, ya ce ƙarin lof ta wuya yakan ɗan rufe fuska ma, wanda mai silais alheri ne a gare shi. Ya tuna min cewa wannan murɗe-murɗen a wurin atisaye ake yinsa, in an fara zagayen wasa doka ba ta yarda ka canza saitin sanda ba, don na sha ganin masu fito da makulli a rami na biyar. Tsayi kuma, draibobin kanti yanzu inci 45 da rabi ne ko fiye, saboda doguwar sanda tana ba da lamba mai kyau in an dace sau ɗaya, amma wahalar samun tsakiya take. Iyakar doka inci 48 ne, daga 2022 kuma aka ba manyan gasa damar tsayar da shi a 46, bayan Phil Mickelson ya ci gasar PGA ta 2021 yana da shekara 50 da sanda mai kusan 48. To shi Mickelson ne. Rickie Fowler kuwa ya taɓa rage nasa zuwa 43 da rabi kuma ya ci gasa da shi. Koci bai ce in yanke ba, ya ce in riƙe ƙasa da inci ɗaya tukuna in buga haka na ɗan lokaci, in na ga shatin ya taru wuri ɗaya sai a yanke a liƙa ɗan tef ɗin dalma a kai, saboda yankewa yana sa kan ya ji sauƙi a hannu. Wannan haƙurin na yaba, don shaf in an yanke an yanke.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata masu wurin su ji. Ƙwallayensu sun mutu. Wasu sun sule har ramukan jikinsu sun shafe, wasu da tsagu, kuma ƙwallon atisaye dama can ba ta kai ta wasa tafiya ba balle wadda ta sha rana da duka shekara da shekaru, to ta yaya za ka auna mutum da na'ura da irin wannan ka ce masa ga nisan bugunsa? Sai da na fito da nawa daga jaka muka ƙarasa da su, yaron ya je ya tsinto min, na sallame shi daban. Tii ɗin roba da ke jikin tabarma tsayi ɗaya ne tak, wurin da ake koyar da tsayin tii fa, dole muka sauka gefe kan ƙasa muka soka na katako. Wayar koci kuma ba ta huta ba, yana tsakiyar bayani sai "yi haƙuri Alhaji minti ɗaya", minti ɗayan nan ya zama biyar, kuma ba a ƙara maka a ƙarshe. Ba sa ba ka komai a rubuce, ko hoton lambobin sai da na roƙa na ɗauka da wayata. Sannan muna gamawa wani da ke zaune a ɗan shagonsu ya taso yana nuna min wani shaf wai shi ne zai ƙarasa gyaran, kuɗinsa ya ninka na darasin sau da yawa, alhali minti goma da suka wuce kocinsu ya ce shaf ɗina lafiyarsa ƙalau. Sayen shaf a wannan halin kamar mai ciwon haƙori ne ya je ya ɗinko sabuwar hula. Na ce masa Allah ya kawo kasuwa.

A fili fa, ya abin ya kasance? Silais bai ɓace ba, kada wani ya je da wannan tsammanin. Abin da ya faru shi ne ya ragu daga wanda ke kai ni ramin maƙwabta zuwa wanda ke tsayawa gefen dama na feyawe, wato askakkiyar hanyar da ke kaiwa ga rami, ko bakin ciyawa, ƙwallo kuma tana tashi sama sosai fiye da da, har kadina, mai ɗaukar min jakar sanduna, ya ce "yallaɓai yau kuma jirgi muke harbi?" Ya ƙara min da dabarar da duk tsohon kadi ya sani, in soka tii a gefen dama na wurin bugu in nufi gefen hagu na feyawe, sai filin ya buɗe min. Ranar da na gaji ko na yi sauri, tsohon hali yana dawowa, ƙirji ya buɗe, shatin ya koma wuya, bambancin kawai yanzu na san abin da zan duba maimakon in yi ta canza riƙo a tsakiyar wasa.

Wani abu da zan ja hankalin 'yan uwa masu buga golf a arewa: lokacin hunturu yana ruɗinmu. Ƙasa ta bushe ƙamas, ka buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ta yi ta gangarawa yadi 40 ko 50 ka ɗauka kai ne, damina na zuwa ciyawa ta tashi ƙasa ta yi laushi sai ka ga inda ta faɗi nan ta tsaya, ka ce ƙarfinka ne ya ragu. Haka wanda ya je Jos ya buga a Rayfield, tsohon filin nan na tun 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, garin yana sama da mita 1,200 daga teku, iska ba ta da nauyi ƙwallo ta fi tafiya, ya dawo Kaduna ko Kano yana ba da labarin yadi 280. Lambar da za ka tambaya a wurin na'ura ita ce nisan da ƙwallo ta yi a sama kafin ta sauka, ita ce taka ta gaskiya rani da damina.

In za ka je, tafi da draibanka da makullinsa, da ƙwallayen da kake wasa da su ko da tsofaffi ne masu ɗan kyau, da dogayen tii na katako, ka kuma nemi lokacin safe kafin wayar koci ta farka. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba wannan zaman ba nasa ba ne tukuna, ya fara da darasin riƙo da tsayuwa da ƙananan sanduna. Wanda kuma ya ƙware har yana gama zagaye da bugu ƙasa da 80 ƙaramar na'urar nan ba za ta gaya masa abin da bai sani ba, gara ya nemi inda ake da babba. Mu na tsakiya, masu handikaf (lambar da ke nuna matakin ɗan wasa) 14 zuwa 25 da muke ɓatar da ƙwallo biyu uku a dama kowane Asabar, mu ne kwalliya za ta biya wa kuɗin sabulu. Hodar feshin kuma ba sai ka saya a wurinsu ba, kowane babban kemis akwai, ka dai duba ka tabbatar mai barin fari ce ba mai ruwa ba, kuma ka goge fuskar sandar da jiƙaƙƙen tawul kafin ka shiga gasa don doka ba ta yarda a buga da wani abu shafe a fuska ba.